Hanyar Zama Ma'aikacin Lafiya: Shiri, Tsada da Sakamako ga Ƴaƴan Filinge da Ƙasar Kurfai

A kowane gari na ƙasar Kurfai akwai iyayen da ke fatan ɗansu ko ɗiyarsu su zama likita, ko malamin asibiti, ko ungozomar asibiti. Fata ne mai kyau, kuma ƙasar tana matuƙar buƙatarsa. Amma tsakanin fatan da cikarsa akwai shekaru masu yawa na karatu, akwai kashe kuɗi, akwai jarrabawa iri iri. An shirya wannan bayani ne domin iyaye da masu halartar ajin yaƙi da jahilci su san matakan wannan hanya, da abin da take ci, da irin ɗaliban da ke kai ƙarshenta, da kuma abin da ake samu bayan an gama. Wanda ya san nisan tafiya tun daga gida, shi ne ke ɗaura guzurin da zai kai shi.

Me ya sa ake buƙatar ƴan gida a aikin lafiya?

Garin Filinge yana cikin jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, gundumar Filinge tana da mutane fiye da dubu 300, kuma mafi yawansu a karkara suke zaune, manoma da makiyaya. Masu kula da lafiyarsu suna aiki ne a matakai uku: ɗakin shan magani na ƙauye, da cibiyar lafiya da ake kira CSI, da asibitin gunduma da ke garin Filinge. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gunduma sai a tura shi Yamai.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta bayyana cewa kowane mutum dubu 10 suna buƙatar a ƙalla ma'aikata 23, idan an haɗa likitoci da malaman jinya da ungozomomi. Ta kuma lissafa ƙasashe 57 da ke cikin tsananin ƙarancin ma'aikata, Nijar tana cikinsu. Idan aka auna gundumar Filinge da wannan ma'auni, tana buƙatar ma'aikata kusan 700. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya wata CSI ta karkara ya san adadin da ke wurin bai kama ƙafar wannan ba.

Wannan ƙaranci yana cin rayuka. Binciken ƙasa kan lafiyar iyali na shekarar 2012 ya nuna cewa a cikin haihuwa dubu 100 a Nijar, uwaye 535 ne ke rasuwa, kuma haihuwar da ƙwararren ma'aikaci ke karɓa ba ta kai kashi 30 cikin 100 ba. Tun shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma sauƙin kuɗi ba ya warkar da yaro idan babu wanda zai duba shi.

A shekarar 2010 hukumar OMS ta fitar da shawarwari kan yadda za a samu ma'aikata su zauna a karkara. Ɗaya daga cikin manyan shawarwarin ita ce a riƙa ɗaukar ɗalibai ƴan karkara a makarantun lafiya, domin bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa wanda ya tashi a ƙauye ya fi wanda ya tashi a birni yarda ya koma ƙauye ya yi aiki. Ɗan Cikal ko ɗiyar Luma sun san harshen mutane, sun san al'adunsu, sun saba da zafin bazara da nisan rijiya. Saboda haka karatun yaron Kurfai a fannin lafiya amfaninsa ya wuce gidansu, ya shafi gari duka.

Mene ne karatun share fage?

Ba a shiga makarantar likitanci kai tsaye. Dole ɗalibi ya fara ƙwarewa a lissafi, da ilimin halittu, da ilimin sinadarai, da fizik, da kuma harshen da ake koyarwa da shi. Karatun da ke shirya ɗalibi a waɗannan darussa kafin ya shiga makarantar lafiya, shi ake nufi da karatun share fage. Kowace ƙasa da yadda take tsara nata.

A Amurka ɗalibi yakan yi shekara 4 a jami'a yana share fage, ya zauna wata babbar jarrabawa, sannan ya shiga makarantar likitanci ta wasu shekara 4. Wanda bai samu makin da ake so ba yana iya ƙara shekara ɗaya ko biyu a wani aji na musamman, wanda kuɗinsa ke kai dubban dalolin Amurka. Mafi yawan sababbin likitocin ƙasar suna fita ne da bashi, kuma matsakaicin bashin ya kai kimanin dala dubu 200, wato sama da sefa miliyan 100. A Faransa, har zuwa shekarar 2020, shekarar farko ta jami'a ita ce matata: ɗalibai da yawa ke shiga, a yi musu gasa a ƙarshen shekara, kaɗan su wuce. A Kuba kuwa an buɗe wata makarantar likitanci a shekarar 1999 domin ƴaƴan talakawa daga ƙasashen waje, inda ɗalibi ke fara koyon harshen Sifaniyanci da darussan kimiyya kafin ya shiga karatun likitanci sosai.

A Nijar tsarin ya bambanta. Aikin share fage ya rataya ne a kan koleji da lise. Abin da yaro ya koya tsakanin ajin farko na koleji da ajin ƙarshe na lise, shi ne zai buɗe masa ƙofar makarantar lafiya ko ya rufe ta. Wato ga yaron Kurfai, shirin zama likita yana farawa tun yana ɗan shekara 12 ko 13, lokacin da iyaye da yawa ba su ma fara tunanin abin ba.

Matakan hanyar a Nijar

Makarantar firamare shekara 6 ce. Koleji shekara 4 ne, ana ƙare shi da jarrabawar BEPC. Lise shekara 3 ne, ana ƙare shi da jarrabawar bakaloriya, wadda aka fi sani da bak. Daga nan ƙofofi uku ne manya.

Ƙofa ta farko tana buɗewa bayan BEPC. Mai wannan takarda yana iya yin karatun shekara 3 ya zama ma'aikacin lafiya na matakin farko, wanda ake kira ASB. Irin waɗannan ma'aikata ne ke riƙe da yawancin aikin yau da kullum a karkara: awon ciki, rigakafi, awon yara, maganin zazzaɓin cizon sauro, da karɓar haihuwar da ba ta da matsala.

Ƙofa ta biyu tana buɗewa bayan bak. Karatun shekara 3 ne da ke kai ɗalibi ga digirin farko a aikin jinya, ko ungozomanci, ko aikin ɗakin gwajin jini da makamantansu. Gwamnati tana da makarantun lafiya biyu da suka daɗe, waɗanda ake kira ENSP, ɗaya a Yamai ɗaya a Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin lafiya kuma ɗan wasan sinima da ya rasu a shekarar 2009. Ban da su akwai makarantu masu zaman kansu da yawa a manyan garuruwa. A ƙarshen karatu ɗaliban makarantun gwamnati da na kuɗi suna zama jarrabawa guda ta ƙasa kafin a ba su takardar shaida.

Ƙofa ta uku ita ce ta likitanci. Ana neman mai bak na fannin kimiyya, wato fannin C ko D, kuma ana duba makin da ya samu a darussan kimiyya. Jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a shekarar 1992, ta fara horar da likitoci tun cikin shekarun 1970. Daga baya jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma sun buɗe sashen koyon likitanci. Karatun yana ɗaukar shekara 7 zuwa 8, kuma ɗalibai suna koyon aiki a manyan asibitoci, kamar babban asibitin ƙasa na Yamai da asibitin haihuwa na Isaka Gazobi. Wasu ɗalibai kaɗan masu maki mai kyau suna samun tallafin karatu zuwa ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko.

Ga lissafin shekaru. Yaron da ya shiga firamare yana da shekara 7, idan bai maimaita aji ko ɗaya ba, zai zama ASB yana da shekara 20. Zai gama digirin jinya ko ungozomanci yana da shekara 23. Zai zama likita yana da shekara 27 ko 28. Duk ajin da aka maimaita yana ƙara shekara ɗaya da kuɗin shekara ɗaya.

Abin lura: ko da yake a shekarar 2025 an ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, littattafan likitanci da jarrabawarsa da Faransanci suke. Yaron da Faransancinsa ke da rauni zai sha wahala a darussan kimiyya, ko da yana da kaifin basira.

Abin da karatun ke ci

Iyaye da yawa idan an ce kuɗin karatu, kuɗin rajista kaɗai suke tunawa. Alhali kuɗin kashi huɗu ne, kuma ga mutumin ƙauye na rajista ba shi ne mafi nauyi ba.

Kashi na farko shi ne kuɗin makaranta. A koleji da lise na gwamnati ba a biyan kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗin kwamitin makaranta, da tufafi, da littattafan rubutu, da kuɗin takardun jarrabawa. A makarantar lafiya ta gwamnati, wanda ya ci gasar shiga yana samun sauƙi sosai, wanda bai ci ba yana iya shiga da kuɗinsa. A makarantu masu zaman kansu kuɗin shekara ɗaya yakan kai jaka ɗaruruwa. Domin ku auna nauyinsa, ku tuna cewa mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a Nijar daga shekarar 2024 jaka 42 ne a wata.

Kashi na biyu shi ne kuɗin zama nesa da gida. Ƙauyuka da yawa ba su da koleji, lise kuwa sai babban gari. Dole yaro ya koma Filinge, ko Balayara, ko Yamai, ya zauna wajen dangi ko mai masauki. Mu yi lissafi da hatsi, tunda shi ne kuɗin manomi. Tiya ɗaya ta hatsi kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. Saurayi ko budurwa suna buƙatar kimanin tiya 7 a wata. Shekarar karatu wata 9 ce, daga Oktoba zuwa Yuni, wato tiya 63. A shekara 7 na koleji da lise, tiya 441 ke nan, kimanin buhu 11. Gaskiya ne ko a gida yake zai ci abinci, amma a gida tukunya ɗaya ce, a can kuwa sai an auna an fitar daga rumbu, an biya kuɗin mota, an haɗa da kuɗin cefane, da sabulu, da fitila. A shekarar da damina ba ta yi kyau ba, wannan awo shi ke fara yankewa, yaro ya dawo gida a tsakiyar shekara.

Kashi na uku shi ne kayan aiki da zirga-zirga. Ɗalibin makarantar lafiya yana buƙatar farar riga, da abin sauraron ƙirji, da abin awon zafin jiki, da kuɗin buga takardun darasi, da kuɗin mota zuwa asibitin da aka tura shi koyon aiki. A shekarar ƙarshe akwai kuɗin jarrabawa da na buga littafin kammala karatu.

Kashi na huɗu ba a ganinsa a takarda. Shi ne aikin da gida ya rasa. Saurayin da ke aji ba ya zuwa cin rani ya aiko da kuɗi. Budurwar da ke aji ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta talla. Gidan da ya yarda ya ɗauki wannan rashi na shekara 10 ya yi sadaukarwa babba, kuma ya kamata gari ya san da haka.

Akwai abubuwan da ke rage nauyi. Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin kuɗi na gwamnati ga ɗalibai, kuma ana duba maki da shekarun haihuwa kafin a bayar. Jami'a tana da ɗakunan kwana da gidan abinci mai rahusa, sai dai ɗakunan ba sa isar ɗalibai, kuma kuɗin tallafi yakan yi jinkiri. Kada iyali su dogara da shi shi kaɗai, musamman a watannin farko.

Su wa ke kai ƙarshen hanya?

Hanyar tana da faɗi a farko, tana ƙuntata a gaba. Yara da yawa ke shiga firamare, kaɗan ke gama koleji, kaɗan daga cikinsu ke shiga lise. A shekarun 2021, 2022 da 2023, waɗanda suka ci bak a Nijar ba su kai ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna ba. A cikin waɗanda suka ci ma, masu fannin adabi sun fi masu fannin kimiyya yawa. Dalili kuwa sananne ne: malaman lissafi da na fizik sun yi ƙaranci, musamman a makarantun karkara, kuma ɗalibai da yawa suna gama lise ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Saboda haka ɗaliban da ke cika ajin likitanci yawancinsu ƴaƴan birni ne, waɗanda iyayensu suka yi boko, suka iya biyan malamin darasin yamma. Ba basira suka fi ɗan ƙauye ba. Sun samu malami, da fitila, da abinci a kan lokaci.

Ƴan mata su suka fi zubewa a hanya. Binciken shekarar 2012 ya nuna cewa a cikin mata huɗu a Nijar, uku an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Shekarun koleji su ne daidai shekarun da ake fara maganar aure. Ga kuma tsoron iyaye na tura budurwa wani gari ba tare da amintaccen mai riƙo ba, wanda tsoro ne mai dalili. A watan Disamba na shekarar 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace, daga shekarar 2021 kuma aka fara gina makarantun kwana na ƴan mata a wasu garuruwa.

A makarantun jinya da na ungozomanci mata suna da yawa, har sun fi maza a wasu azuzuwa. Amma yawancinsu ƴan birni ne, kuma idan sun yi aure a birni da wuya su karɓi aiki a ƙauye. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna nuna yadda ungozomomi ke cunkushe a asibitocin haihuwa na birni alhali na karkara ba su da ko ɗaya. Ita kuwa matar ƙauye sau da yawa ta fi son mace ta duba ta, wani mijin ma ba ya yarda namiji ya karɓi haihuwar matarsa. Ɗiyar ƙauyen da aka cire daga koleji yau, ita ce ungozomar da za a nema a rasa bayan shekara 10.

A jihar Tillaberi akwai ƙarin matsala. Rashin tsaro da ya tsananta tun daga shekarar 2017 ya sa an rufe ɗaruruwan makarantu, iyalai da yawa sun bar garuruwansu. Yaron da ya rasa shekara biyu ko uku yana iya wuce shekarun da ake karɓa a gasar shiga makaranta ko a neman tallafi. Duk inda iyali suka yi gudun hijira, abu na farko bayan matsuguni shi ne a kai yara makarantar da ke kusa, a kuma adana takardunsu.

Me ake samu bayan an gama?

Takardar shaida ba ta zuwa da albashi a ranar da aka karɓe ta. Wanda ya gama karatun gaba da bak yakan fara da aikin bautar ƙasa. Wasu suna samun aikin kwantaragi a cibiyoyin gwamnati, wasu suna aikin sa kai a asibiti domin hannunsu ya saba, har lokacin da gwamnati za ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Ɗaukar ba kowace shekara ake yi ba. A shekarun 2011 da 2012, misali, an ɗauki ɗaruruwan likitoci a lokaci ɗaya aka rarraba su cikin ƙasa, amma akwai shekarun da ake jira. Ƙungiyoyin agaji masu aikin tamowa da na ƴan gudun hijira, da asibitoci masu zaman kansu, da shagunan magani, su ma suna ɗaukar ma'aikata.

A nan akwai abin mamaki. A Yamai za ka tarar da masu takardar ASB da yawa suna zaman jiran aiki, a karkara kuwa za ka tarar da CSI da ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da ita dare da rana. Wanda ya yarda ya zauna a karkara ya fi saurin samun abin yi, ya fi kuma saurin ƙwarewa, domin kowace irin cuta za ta zo hannunsa.

Kuma hanyar ba ta ƙarewa a matakin da aka fara. Ma'aikacin da ya yi wasu shekaru yana aiki yana iya zama gasar ma'aikata ya koma makaranta ya ƙara matsayi. Saboda haka iyalin da ba su da ƙarfin karatun shekara 8 kada su ga kamar ƙofa ta rufe. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi daga maƙwabta

A arewacin Najeriya an fuskanci irin wannan matsala: ƙauyuka ba su da ungozomomi, ƴan matan ƙauye kuma ba su da makin shiga makarantun lafiya. A can ana neman ɗalibi ya ci darussa biyar, wato Ingilishi, da lissafi, da ilimin halittu, da ilimin sinadarai, da fizik. Daga shekarar 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da ake kira W4H, da tallafin gwamnatin Birtaniya, a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno.

Shirin ya buɗe ajin share fage na musamman domin matan karkara. Wadda ba ta ci darussan biyar ba sai ta yi wata 9 tana maimaita su ta sake zama jarrabawa. Wadda ta riga ta ci sai ta yi wata 3 tana shirin jarrabawar shiga makarantar jinya ko ta ungozomanci. Mutanen gari ne ke zaɓen ɗalibar, da yardar iyayenta ko mijinta, ita kuma ta yi alkawarin dawowa ta yi wa garin aiki. An gyara ɗakunan kwana na mata, an buɗe ɗakin renon yara a cikin makarantu domin matan aure masu goyo, an kuma sa malaman addini da sarakuna cikin maganar tun farko.

Abin koyi a nan abu uku ne. Na farko, faɗuwa jarrabawa sau ɗaya ba ta nuna yaro ba shi da kai, sau da yawa malami ne bai samu ba. Na biyu, aure da goyo ba sa hana karatu idan an yi tanadi. Na uku, idan gari ne ya tura ɗalibi, ɗalibin yana jin nauyin gari a kansa. Ba sai an jira baƙo ya kawo kuɗi ba kafin a yi aiki da waɗannan darussa.

Abin da iyaye da gari za su iya yi

1. Ku yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jariri. Ba a zama BEPC ko bak sai da ita. Ku tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a duk takardunsa.

2. Ku riƙa karɓar takardar sakamako a ƙarshen kowane zango. Ko karatunku bai yi nisa ba, kuna iya gane lamba. Ana ba da maki a kan 20, kuma 10 ita ce rabi. Ku duba makin lissafi, da na kimiyya, da na Faransanci. Idan sun yi ƙasa da 10, ku je ku ga malami tun kafin shekara ta ƙare.

3. Ku zaɓi mai masauki da kanku, ku riƙa ziyartarsa ranar kasuwa. Ku yi magana a fili kan awon hatsi da kan aikin gida da za a sa yaron, domin kada ɗalibi ya koma ɗan aike.

4. Ku ware hatsin ɗalibi tun lokacin kaka, kafin a fara sayarwa. Tunkiya ko akuya ɗaya da aka ajiye da sunan karatu tana iya biyan kuɗin jarrabawa. Ƙungiyoyin asusu na mata, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, suna iya buɗe akwati na musamman domin ɗalibai.

5. Kafin ku biya kuɗi a makarantar lafiya mai zaman kanta, ku nemi ganin takardar izinin gwamnati. Ku tambayi ɗalibai nawa ta kai jarrabawar ƙasa bara, nawa suka ci, kuma a wane asibiti suke koyon aiki. Ku nemi a rubuta muku kuɗin shekara uku gaba ɗaya, ku karɓi rasit a kan kowane biya. Shugaban CSI na garinku yana iya ba ku shawara.

6. Idan maganar aure ta taso, a sa sharaɗin ci gaba da karatu a gaban waliyyai da shaidu tun kafin a ɗaura.

7. Mai gari, da liman, da kwamitin makaranta, da kwamitin cibiyar lafiya, da ƴan garin da ke zaune a Yamai ko a ƙasashen waje, suna iya haɗa kai su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu, bisa alkawarin dawowa. Ɗaliban jami'a ƴan gari kuma suna iya koyar da ƙannensu lissafi da kimiyya a lokacin babban hutu.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

Yara nawa ne daga garinku suke koleji a bana? Nawa ne mata a cikinsu?

Ma'aikata nawa ne a cibiyar lafiya mafi kusa da ku? Akwai mace a cikinsu? Akwai ɗan yankin?

Idan tiyar hatsi tana kan farashin da take yau a kasuwarku, nawa ne kuɗin tiya 63?

Idan gida 40 suka ba da tiya biyu biyu a lokacin kaka, tiya nawa aka tara? Za ta ciyar da ɗalibi ɗaya na wata nawa?

Wa zai riƙe wannan hatsi, kuma wa zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita?